Uwayen Albasar Kawu

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da tarihi, kuma maganar da na fi amincewa da ita ba ta cikin manhaja. Duniya tana tsaye ne a kan mutanen da ke iya duban abin da ya fi kyau a cikin amfanin gonarsu, ga yunwa tana cinsu, su ce wannan ba na ci ba ne. Sarakuna sun gina ganuwa, malamai sun cika taskoki da takardu, amma da masu ajiye iri za su yi sakaci shekara ɗaya tak, da sarkin da malamin duk tare za su yi hamma. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin waɗannan mutane. Allah ya karɓi abinsa a ƙarshen daminar da ta wuce, a ƙauyenmu da ke bakin gulbi kusa da Argungu. Shi ya ba mu aronsa, gare Shi kuma muka mayar.

A zaman makoki ake jin yadda aka ɗauki mamaci, domin mai gaisuwa yakan fara da abin da ya dace, ya ƙare da abin da ke ransa. Liman ya ce bai tuna asubar da ya waiwaya bai ga Kawu a sahu ba, kuma bai tuna ranar da ya tsaya hira bayan sallama ba. Wani tsohon masunci, wanda suka shafe shekara hamsin suna musu da Kawu a kan ko gulbi zai cika bana, ya zauna a gefen tabarma. Sai da zai tashi ya ce, "To yanzu wa za shi ƙaryata ni?" Mutanen Augie sun zo mota guda. Suka yi addu'a mai tsawo, suka shafa, sannan babbansu ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, Allah shi gafarta mishi, shi ba ku haƙuri. Bana dashen hwa?"

Ban ga laifinsa ba. Shekara da shekaru daga garkar Kawu suke ɗibar dashen albasa, kuma lokaci ya gabato.

Labari ɗaya ne kowa ya kawo, na shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya shigo har bayan gida, Kawu ya kutsa cikin ruwa ya fito da gorar irin albasa a bisa kansa. A bakin liman ruwan iya gwiwa ne. Wajen la'asar ya kai ƙirji. Kafin kwana uku wani ya rantse cewa gorar kaɗai ake hange tana tafiya a kan ruwa. Na sha gaya wa ɗalibai cewa labari yana ƙara tsawo da yawan bakin da ya ratsa, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙara zurfi ba sai wannan.

Ranar sadakar uku aka yi tuwon shinkafa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tana ɗaki tana takaba, mata na shiga suna fita, ba ta da halin leƙa madafa. Girki ya faɗa hannun surukarta, matar babban ɗansu, yarinyar kirki haifaffiyar Birnin Kebbi, tare da matan maƙwabta. Miyar ta yi daɗin da bai kamata abincin makoki ya yi ba. Mutane suka riƙa yabawa a kunyace. Ni kaina na ƙara, kuma in dai za a faɗi gaskiya, na suɗe hannu.

Ina cikin ɗakin lokacin da aka kai wa Inna nata. Ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, ta ajiye kwanon.

"Wa ya shiga rumfar baya?"

Surukar ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce albasa ce ta kasa, sai ta ga wasu kyawawa a shimfiɗe a rumfa, ta kwaso.

"Duka?"

"Duka, Inna. Ba su da yawa."

Inna ta ture kwanon gefe. Sannan ta ce, "Tashi, ɗiyata. Kin ga albasa kin ɗauka. Albasa don ci anka yi ta."

Guda arba'in ne, kuma su ne uwaye.

Wanda bai yi noman albasa ba yana bukatar bayani a nan. Albasa ba ta ba da iri a shekarar da aka shuka ta. Sai an cire ta da bazara, an zaɓi wasu an ajiye su sun tsallake damina, a sake dasa su da shigowar sanyi, sannan su fid da fure su yi ƙwaya. Waɗannan zaɓaɓɓu su Kawu ke kira uwaye. Ita kuma ƙwayar ba ta da tsawon rai irin na gero, wanda za a manta da shi a rumbu a dawo a same shi da ransa. In ta wuce shekara ta fara mutuwa. Saboda haka irin albasa gado ne da ake sake cinsa duk shekara, in an tsallake ɗaya an yanke. Bara ciwon ƙafa ya kwantar da Kawu daidai lokacin dashen uwaye, ya ƙi yarda wani ya dasa masa, don haka bai samu sabuwar ƙwaya ba. Abin da ya rage a duniya na irinsa shi ne arba'in ɗin nan da ya zaɓa da hannunsa daga albasar bazara. Saura mako biyu a dasa su ya rasu.

Asalin irin, yadda muka taso muka ji, kakarmu ce ta zo da shi daga Augie a ƙulle a bakin zanenta lokacin da aka kawo ta aure. Shi ya sa ake ce wa albasar "ta tsohuwa". Ja ce mai duhu, ba ta cika girma ba, wuyanta siriri, ɓawonta a manne. Ba ta burge mai saye a ido, amma ta birni tana ruɓewa tun ruwan farko, ita kuwa sai ta kai kaka lafiya lau.

Garkar da ake wannan aiki a cikinta ba ta kai rabin filin ƙwallon makarantarmu ba. Kawu ya gaje ta da fangali huɗu da akuya ɗaya mai tari. Ranar da ya bar ta akwai rijiya, da lemun tsami uku, da zogale jere da danga, da garken awaki, da agwagi masu ɗaukar kansu hukuma, ga kuma ɗan yankin shinkafa a fadama. Babu abin da ke fita daga gidan a banza. Awaki su ci tattakar shinkafa, takinsu ya koma fangali, tokar murhu ta shiga gorar iri don ƙwari, lawashi kuma Inna ta daka ta shanya ya zama gabu. Ya kai ga haka ne da doka ɗaya: shekara ɗaya, sabon abu ɗaya. "Wanda ya ƙara abu biyu cikin shekara," in ji shi, "in gona ta lalace bai san wanda ya cuce shi ba." Ni sai da gwamnati ta ciyar da ni shekara uku a kwaleji kafin aka koya mini wannan, kuma da Turanci.

Zaɓen uwaye shi ne jarrabawar da na taɓa gani wadda ba a satar amsa. Da bazara yakan ware kamar ɗari da hamsin, ya matsa wuyan kowace da babban yatsa, ya sunsuna gindinta. Manya-manyan da kowa zai ɗauka su yake fara turewa. Ya ce mai saurin ƙiba mai saurin ruɓa ce, kuma ya ce wannan bai tsaya ga albasa ba. Sai ya shimfiɗa su a kan gadon kara a rumfar baya, inda iska ke ratsawa. Duk Juma'a bayan an sauko yakan shiga ya juya su ɗaya-ɗaya, ya fid da wadda ta fara taushi. Waɗanda suka kai ƙarshen damina su ne suka ci. Na taɓa ce masa tsarin ya yi tsanani, rabi da kwata suna faɗuwa. Ya ce, "Ku can kowa na wucewa, ko? Na ga alama."

Ba ya sayar da iri, ba ya sayar da dashe. Duk wanda ya zo yakan cire masa daidai fangalinsa, ya naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, ya bi shi da umarni har bakin danga. Akwai wata bazawara a bayan masallaci da mijinta ya bar mata yara da fili. Kawu bai taɓa yi mata maganar taimako ba. Duk shekara dai yakan yi kuskuren yayyafa iri fiye da bukatarsa, ya aika a roƙe ta ta rage masa, kada ya lalace. Shekara goma sha wani abu yana wannan kuskuren. Ita ce ta fi kowa kuka ranar jana'iza. Sai dai alherin nan ya zo da nasa lahani. Tunda Kawu na nan, babu wanda ya ga dalilin wahalar da kansa da ajiye uwaye. Kowa ya noma, ya sayar, ya cinye, ya dawo baɗi.

Sau ɗaya muka yi faɗa, kuma ni na jawo. Shekara ashirin da shida ke nan. Ina matashin malami a lokacin, ina ganin jahilci a ko'ina sai a madubi. Na sayo gwangwanin irin albasa a Birnin Kebbi, rufaffe, da hoton albasa kamar kan jariri a jikinsa, na kai masa da hannu biyu. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Sai na ɗora da lacca. Na ce zamani ya canza, masana sun yi bincike, ta tsohuwa ta yi zamaninta. A gaban baƙi na faɗi haka.

Ya juya gwangwanin, ya dubi hoton, ya ce, "Wagga albasa wa ad da ita? Wa ya haihe ta?"

Na ce kamfani.

"Kamfani ya taɓa kwana da ita damina guda?"

Na ce ba a nan take ba.

"To nan take. Kai da anka aika ka koyo, ka dawo kana zagin kakarka da gwangwani."

Ya miƙe ya soke gwangwanin a can saman rufin ɗakinsa, tsakanin azara, ya ce ya zauna nan ya zama shaida. Wata huɗu in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Mahaifiyata ta sa baki, ya ce shi ba ya fushi da yaro, kunnensa ne ke hutawa.

A cikin daminar nan gulbi ya zo. Ina Birnin Kebbi, ban ga komai da idona ba. Ruwa ya ci rumfar baya da uwayen da ke cikinta, ya tafi da danga da rabin awaki, kuma a ranar ce aka ga Kawu da gora a kai. Da sanyi ya shigo ya yayyafa iri, ya fito, aka yi ta barka. Albasar shekarar ta ɗan fi haske, ta ɗan fi girma, mutane suka ce laka ce da ruwa ya kawo. Bayan 'yan shekaru ta koma kamanninta, ko ma ta fi. Da bazarar farko bayan ambaliyar sai ga kwandon albasa an kawo mini har gidana a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, babu saƙo. Na gane an yafe mini. Tun daga nan kwandon farko nawa ne kowace shekara, kafin na liman.

Shi da kansa ban taɓa jin ya ba da labarin gorar ba. In an ɗauko shi a gabansa sai ya ce, "Ruwa dai ya zo," ya tashi ya tafi duba awaki. Na sa wannan a babin tawali'u.

Da aka watse daga sadakar uku, babban ɗansa ya same ni a bakin rijiya. Taubashina ne, yana tuƙa keke mai ƙafa uku a Birnin Kebbi, kuma tun muna yara bai taɓa ganina ya bar ni na wuce lafiya ba. Ranar dai muryarsa ba ta wasa ba ce.

"Malam, kwalbar nan da Baba ya ba ka, tana nan?"

Tana nan. Shekara uku da suka wuce, da na yi ritaya, Kawu ya kira ni rumfar baya ya ɗura mini ƙwaya baƙa ƙirin a wata kwalbar magani, ya toshe ta da tsumma. Ya ce, "Yanzu ba ka da uzuri. Kana da fili bayan gida. Ka shuka, kak ka aje." Na karɓa da rawar jiki. Da na isa gida na ga abin ya fi ƙarfin bayan gidana, inda kaji ke mulki. Na yanko takarda na rubuta sunan irin da asalinsa da ranar da aka ba ni, da kyakkyawan rubutu, na manna. Na sa kwalbar a kabad mai gilashi, tsakanin ƙamus da kundin digirina, na kulle. Baƙi da yawa sun gan ta, na yi musu bayani. Na yi mata duk abin da na san ana yi wa abu mai daraja.

Taubashi ya zo ya ɗauke ni da kekensa, kwalbar na aljihun gabana. Muka gyara fangali ɗaya a garkar, muka zuba taki, muka yayyafa, muka rufe da ciyawa yadda muka ga yana yi. Mutanen Augie suka aiko a ji. Bazawarar bayan masallaci takan tsaya a bakin danga da safe, ba ta tambaya, ta duba ta wuce. Tsiron albasa yana fitowa ne a lanƙwashe kamar allurar da aka tanƙwara, cikin mako guda ko kwana goma. Kullum sai na zo daga Gwadangaji na tsuguna ina neman allura. Ran kwana goma sha biyu na ga kore guda uku, na kira taubashi a waya nan take. Ya zo ya duƙa, ya tsinke ɗaya, ya murza, ya kai hanci.

"Ciyawa ta, Malam." Ya share hannu a wando. "Amma rubutun jikin kwalbar ya yi kyau, wallahi. Da shi munka shuka, da ya hito."

Na yi dariya don kada in yi ɗayan. Muka ƙara mako guda, sannan muka daina ban ruwa.

Wannan ne ya sa na zauna rubuta takardar nan, kuma na san abin da Kawu zai ce game da mutumin da aka ba iri ya mayar da takarda. Amma ita kaɗai na iya. Ina so a san an yi wani mutum a bakin gulbin nan wanda ya riƙe amanar abu ƙarami shekara hamsin bai gaji ba, ya ciyar da mutane ta hanyar da ba sai sun yi godiya ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa abin da ya shuka ya tarbe shi. Mu da muka ci muka suɗe, Allah ya ba mu haƙuri da kanmu.

Bayan sadakar arba'in na shiga wajen Inna don in faɗi laifina da bakina. Tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa a faifai. Na gaishe ta, na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na ce surukarta ba ta san abin da ta ɗauka ba, ni kuwa na sani. A hannuna irin kaka ya mutu, abin da ya tsallake ambaliya bai tsallake kabad ɗina ba.

Ba ta ɗago ba. "Wane irin kaka?"

Na ce ta tsohuwa mana, wadda ya fitar a gora.

"Gorar ta jiƙa tun bai kai gare ta ba. Ya ɗauko ta dai bisa kai, mutane sunka gani. Kwana ukku ƙwayar duk ta ruɓe, ni na zubar bayan danga." Ta fid da tsakuwa ta yar. "Ya yi sati bai cin abinci. Rannan da hantsi sai ya taka turmi, ya sauko da gwangwaninka."

Na ce, "Inna, albasar da muke ci shekara ashirin da shida..."

"Shekarar farko cikin ɗari da hamsin tara sunka kai kaka. Da su ya fara. Yana zaɓe yana zaɓe har ta zama tashi. Ita kunka ci ranar ukku."

"Me ya hana ya gaya mini?"

"Kwando nawa ya aiko maka? Kai kuma da kake malamin tarihi, ka taɓa tambaya tai?"

Ban taɓa ba. Ta nuna da haɓa wajen kwanukan da ke jere a gindin gado, ga gwangwanin a cikinsu. Hoton jikinsa ya goge, bakinsa ya yi tsatsa, amma na gane shi.

Da shi take awon gishiri.